Fayafayan gem da suka rasa kwanso: tambayoyinku da amsoshinmu

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan tsofaffin fayafayan gem na PlayStation da 'yan'uwanta, waɗanda kwansonsu ya fashe ko ya ɓace suka zauna tsirara a kwali ko a leda. Kusan duka daga jihar Kebbi suka fito. Mun taƙaita wasu don fili ya isa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gaji shagon gem na yayana. Tun da aka koma ɗora wasa a filash aka zube fayafayan a kwalin taliya, aka tura ƙarƙashin benci. Na ƙirga sun haura 200, na PS1 da PS2 (wato PlayStation 1 da 2) da kaɗan na Xbox 360, babu mai kwanso ko ɗaya. Ina so in adana masu kyau, in sayar da wasu. Ta ina zan fara? Daga mai shagon gem, Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fara da sayen kwanso. Fara da tantancewa, don ba duk abin da ke cikin kwalin nan ne ya cancanci a kashe masa kuɗi ba.

Zaɓi lokacin da babu kowa a shago, ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka wanke hannu ya bushe, sannan ka shimfiɗa zane mai tsabta a tebur. Ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa ɗaga su sama, manuniya a rami, babban yatsa a baki. Kada ka zame faifai daga kan ɗan'uwansa kamar mai raba karta. Ƙurar da ta shiga tsakaninsu akwai ƙwayar yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi robar faifai tauri nesa ba kusa ba. Kowace zamewa sabon kwarzane ne.

Juya kowanne ka dubi fuskarsa mai ƙyalli. Na asali na PS1 baƙi ne wuluk. Na asali na PS2 iri biyu ne: shuɗi, wanda CD ne, da mai ruwan azurfa, wanda DVD ne, kuma in ka karkata shi a haske za ka ga tambarin PlayStation a jikin ƙyallin. Wanda aka kwafa da kwamfuta kan DVD-R shunayya ne, kuma yawanci za ka ga wani zobe inda rubutu ya tsaya, ciki ya ɗan fi waje duhu. Ware su kashi uku: na asali, kwafi, da waɗanda suka tsage ko suka lanƙwashe. Kashi na uku kada ka sake saka su a na'ura. Tsagar da ta fara daga ramin tsakiya ƙaruwa take yi duk lokacin da faifai ya juya.

Mutane kan kifa faifai a kan hotonsa, wai suna kare fuskar ƙyalli. Ga faifan CD, wato duk na PS1 da shuɗayen PS2, wannan baya da baya ne. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kuma a CD kusan duk kaurin nan roba ce garai wadda hasken idon na'ura, wato abin da ke karanta faifai, ke ratsawa. Bayanan wasan suna can sama, a kan wani siririn shafe na alminiyam, kuma abin da ya raba shi da duniya ɗan fenti ne da tawadar hoto kawai. Kwarzanen da ke fuskar ƙyalli a kan roba yake, ana iya goge shi. Wanda ya ci fuskar hoto ya kankare bayanan kansu, babu mai gyaran da zai dawo da su. Gwajin mai sauƙi ne: ka haska tocilar waya ta fuskar hoto a wuri mai duhu, ka duba ta ɗaya fuskar. In ka ga haske na tsiyayowa ta 'yan ƙofofi kamar hujin allura, alminiyam ɗin ya ciwu. Baƙaƙen PS1 ma suna nuna haka in tocilar ta yi ƙarfi.

DVD kuwa ginin sa dabam ne. Faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya, shi ya sa ya fi jure ƙarzar fuskar hoto. Nasa raunin a manniyar yake. In ana lanƙwasa shi wajen cirewa daga kwanso, ko zafi ya dafa shi, sai ɓangarorin biyu su fara rabuwa daga ramin tsakiya, ka ga wani tabo kamar na ruwa yana yaɗuwa a ciki.

Daga nan za ka gane aikin kwanso. Kwanso mai kyau yana riƙe faifai ta ramin tsakiya kaɗai, fuskokin biyu suna rataye a iska ba sa taɓa komai. Wanda ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne irin na fim, baƙi mai laushi, tsawo milimita 190, faɗi 135, kauri 14. Ba ya fashewa in ya faɗi. Mai garai-garai irin na CD ɗin waƙa ya fi kyan gani, amma robarsa busasshiya ce, haƙoran tsakiyarsa na karyewa, guntayen kuma su riƙa yawo a ciki suna karce faifai. Ka tambayi tsofaffin masu sayar da finafinai a kasuwarku ko ta Birnin Kebbi, waɗanda sana'ar tura fim a waya ta bar musu kaya a sito, ko ka yi sautu daga Ƙofar Wambai a Kano. Kafin ka biya, gwada kowane kwanso da faifan da ba ka damu da shi ba. Ka danna maɓallin tsakiya: faifai ya kamata ya taso da kansa, ba sai ka ɓamɓaro shi ba. Ka rufe ka girgiza: in ya ɓalle a ciki, mayar. Mai matsewa da yawa ya fi mai sakewa haɗari, don shi ke haifar da tsagar rami. Na hannu a wanke su da ruwan sabulu, a kife su su kwana suna bushewa, musamman lungun maɓalli inda ruwa ke ɓuya.

Lissafin wuri kuma ga shi. Kwanso 200 masu kaurin milimita 14 za su ci kanta mai tsawon mita 2.8. In ka sami sirara masu kaurin 7, rabin haka ne. A tsaye za ka jera su kamar littattafai, su cika layi ba tare da jingina ba. Kada ka gina su sama kamar bulo, na ƙasa ne zai sha nauyi ya lotsa.

Kwafi kuwa, mu dai ba za mu saya musu kwanso ɗai-ɗai ba. Nemi sandar da sababbin fayafayai ke zuwa a kai, mai cin 50 da murfinta. Kowane faifai yana da ɗan tudun zobe kusa da rami wanda ke hana shi kwanciya a kan na ƙasa. Don ajiya ta yi, amma ba don wasan da ake ɗauka kullum ba, saboda kafin ka kai ga na 30 sai ka taɓa 29.

TAMBAYA: Malam, abokaina sun ce makilin na gyara faifan da ke cijewa, wani kuma ya ce fetur ya fi. Wanne ne gaskiya? Daga ɗalibi, Aliero.

AMSA: Ƙanena, fetur dai ka manta da shi, tare da kananzir da tina da ruwan goge farce. Suna cin robar faifai, su bar ta da hazo da 'yan tsage-tsage da ba sa fita. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Yawancin faifan da ke cijewa datti ne da maiƙon yatsa, ba rauni ba. Don haka wanka za ka fara yi masa. Tukuna ka zuba masa ruwa ya kwashe ƙura kafin komai ya taɓa shi, domin goge busasshen faifai mai ƙura daidai yake da bin sa da sanfefa. Ruwan leda ko na gora ya fi na rijiya ko burtsatse, wanda kan bar farin tabo in ya bushe. Ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya a kofin ruwa, ka shafa da tafin yatsa a hankali. Ban da garin sabulun wanki, ƙwayoyinsa na karcewa. Ka ɗauraye, ka girgiza, ka tsane da ƙyallen goge tabarau. Ban da tishu, ban da gefen riga.

Gogewa daga rami zuwa baki ake yi, a miƙe, ba a zagaye ba. Bayanan faifai a kan layi ɗaya suke wanda ya nannaɗe daga tsakiya zuwa waje, tsawonsa a CD ya haura kilomita 5. Kwarzanen da ya ratsa layukan a gicciye ɗan kaɗan yake ɓata wa kowane zagaye, na'ura na iya cike giɓin da lissafinta. Wanda ya bi zagayen kuwa dogon zango yake shafewa a jere, lissafi ya gaza.

In akwai danƙo ko maiƙo mai taurin kai, sai sinadarin isopropyl da wasu masu gyaran waya ke amfani da shi, ɗan kaɗan a ƙyalle, a fuskar ƙyalli kawai. Ka tabbatar shi ne aka ba ka, don wasu tina suke zubawa a kwalba.

Makilin kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tunda yana da ɗan gari mai laushi da ke rage kaifin bakin kwarzane. Amma yana barin dubban ƙananan zane a madadin guda ɗaya, baƙin faifan PS1 kuwa ya dusashe ke nan. A kan kwafin da ka fid da rai da shi, gwada. A kan na asali, nemi mai injin goge faifai, kuma ka sani kowace gogewa cin roba take yi, ba a maimaita ta ba iyaka. Faifan PS3 kada a kai shi ko kusa: Blu-ray ne, bayanansa milimita 0.1 kacal suke daga fuska, a ƙarƙashin wani shafe mai tauri, in aka cinye shafen an gama. Basilin da wasu ke cusawa a kwarzane, zafin na'ura ne zai narkar da shi ya fantsama a ido. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ne kawai.

TAMBAYA: Fayafayaina a jakar faifai mai zif suke tun shekarun baya. Da na buɗe, wasu sun manne da ledar aljihun, hoton ɗaya ma ya fito a jikin ledar. Yaya zan cire su? Daga mai karatu, Zuru.

AMSA: Malam, kada ka ja. In CD ne, abin da zai biyo ledar ba hoto kaɗai ba ne, har da alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinsa. Ka yanke aljihun da almakashi ta gefuna uku, ka fito da faifan tare da guntun ledar da ya manne, ka sa a ruwa mai ɗigon sabulu, ba mai zafi ba, na 'yan mintoci. Daga nan ka riƙa naɗe ledar baya sannu-sannu tana kwance, ba ka ɗaga ta sama ba. In ta cije, mayar cikin ruwa. DVD kada ya daɗe a jiƙe, ruwa na iya samun hanya ta bakin manniya.

Abin da ya faru shi ne ledar PVC ce. Ana zuba mata wani mai don ta yi laushi, zafi kuma na sa man ya tsatso ya narkar da tawada. Za ka gane ta da warin sabon labulen roba da ɗan danƙo a hannu, kuma in akwai alamar kusurwa uku a jiki lambarta 3 ce. Wadda ba ta yin haka ita ce mai lamba 5, da harufan PP.

Ko da mai kyau ce, jaka ba gidan zama ba ce. Shiga da fita duk gogayya ce, kuma ƙyallen da ke bayan aljihu yana riƙe yashin hunturu ya ajiye wa faifai na gaba. In dole ce, kada ka cika ta har zif ya riƙa matsewa, ka tsayar da ita, ba kwance ba. Ambulan ɗin farar takarda ya fi ta aminci ga ajiyar wucin gadi. Jarida kuwa tawadarta na fita.

TAMBAYA: Ɗakina rufin kwano ne ba silin, kuma muna kusa da ruwa. Da bazara zafi, da damina laima, har na ga fumfuna a takardun kwanso. Ina zan ajiye su? Daga mai karatu, Yauri.

AMSA: Ɗan'uwa, masu adana kayan tarihi suna son faifai ya zauna tsakanin digiri 4 da 20, laimar iska kuma kashi 20 zuwa 50 cikin 100. A Kebbi, inda Maris da Afrilu ke kai 40 ko su wuce, wannan sai mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da ke hannunka shi ne ka hana hawa da sauka, don ɗumi da rana da sanyi da asuba su ke sa roba da alminiyam su riƙa buɗewa suna tsukewa ba tare ba, har shafen ya saki.

Saman durowa, inda kowa ke ɗora irin waɗannan kaya, shi ne wuri mafi muni a ɗakin kwano. Zafi sama yake taruwa. Ka sauko da su ƙasa, amma ba a kan siminti ba, a ɗora kan katako ko bulo biyu, nesa da taga da bangon da ke shan ranar yamma. In gidan akwai ɗakin ƙasa mai soro, can ya fi, sai dai a kula da gara, wadda ba ta cin faifai amma takan cinye takarda ta gina ƙasa a kansa. Adakar ƙarfe a ƙarƙashin kwano kuwa tanda ce.

Abin da ya fi aiki da arha shi ne babbar kula irin ta masu sayar da lemo, wankakkiya, busasshiya, mai murfi da ke kamawa. Ba sanyi za ta ba su ba, jinkirta zafin rana za ta yi, ta kuma tare ƙura da kyankyasai. Ka jera kwanso a tsaye a ciki, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ke zuwa a kwalin takalmi da na kayan lantarki, aikinsu shan laima. Cikin tafin hannu biyu ya isa matsakaiciyar kula. Suna ƙoshi, don haka a farkon damina da tsakiyarta ka fasa ƙunshin, ka gasa ƙwayoyin a busasshen kasko kan wuta kaɗan, su huce a rufe, ka ɗaure a ƙyalle ka mayar. Akwai masu launi da ke gaya maka da kansu: shuɗi kan koma ruwan hoda in ya ƙoshi. Ka ajiye su inda yara ba sa kaiwa. Kuma ranar da iska ta bushe za ka rufe kula, ba ranar da aka kwana ana ruwa ba, kar ka kulle laimar tare da su.

Takardun da suka yi fumfuna a cire su, a shanya a inuwa, a kakkaɓe a waje, a ajiye dabam. Faifan kansa kada ya ga rana. Kwafi ya fi saurin mutuwa a haka, tunda rubutunsa a kan rini yake, rini kuwa rana na kashe shi.

TAMBAYA: Ɗana ya tafi karatu ya bar mini tarin fayafayai, wasu ƙanana kamar murfin kofi. Na sayo kwanso, ina so in manna takarda a kan kowanne in rubuta suna don kada su cakuɗe. Ya halatta? Daga wata uwa, Argungu.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma a manna takardar a jikin kwanso, ba a kan faifai ba. Takarda ko salatif na sa faifai ya rinjaya gefe guda in yana juyawa, kuma ranar da zafi ya ɗago ta, takan taso da shafen. Biro da fensir ma ban da su, tsininsu na huda fuskar hoto. In rubutu ya zama dole, a yi da maka mai laushin baki a kan ɗan zoben garai da ke kewaye da rami, nan babu bayanai.

Ba sai kin san wasannin ba. Kowane faifan PlayStation na asali yana da lamba a fuskarsa. Mai farawa da SLES ko SCES na Turai ne, SLUS ko SCUS na Amurka, SLPS ko SLPM na Japan. Ki kwafi suna da lambar a ƙashin bayan kwanso. In kin ga an rubuta faifai na 1 ko na 2, wasa ɗaya ne aka raba, a haɗa su wuri guda. In ɗanki zai so riga mai hoto daga baya, girman takardar kwanson fim milimita 273 ne da 183, tana fita a takardar A4 a kowane shagon buga takardu.

Ƙananan nan masu faɗin santimita 8, in akwai sunan Nintendo a jiki, na GameCube ne, na'urar da ta fito a 2001. Raminsu daidai yake da na manya, milimita 15, don haka za su zauna a kwanson da kika saya. Ki tsananta kula da su, kwamfuta ta gama-gari ba ta karanta su balle a kwafa a ajiye, kamar yadda ake yi wa na PS2.

TAMBAYA: Na sa fayafayaina duka a kwanso, amma har yanzu ina ganin sabon zane mai zagaye cif a jikinsu. Daga mai karatu, Kamba.

AMSA: Malam, zane mai zagaye cif aikin na'ura ne, kwanso ba ya yin sa. In Xbox 360 ce, an motsa ta ko an tayar da ita tsaye faifai na juyawa, ya karkata ya daki gidan ido. A kashe ta, a cire faifai, kafin a gusa da ita ko da taki ɗaya. In siririyar PS2 ce, wadda ta fara fitowa a 2004, buɗe murfi ka dubi lebatacciyar wayar nan mai ruwan goro da ke bin ido. Gam ɗin da ke riƙe ta a ƙasa kan saki da zafi, sai ta yi doro ta riƙa shafar faifai. Kada ka ƙara saka ko ɗaya sai mai gyara ya manne ta ko ya canja ta. Bayan gyaran, ka fara gwadawa da kwafin da ba ka damu da shi ba na minti 10, ka fito da shi ka duba a haske, sannan ka saka na asali.